Shamuwa Ta Tashi Babu Uwaisu

Uwaisu ɗan Yawuri ne, jikan Sarkawa masu kamun kifi, kuma mahaifinsa masassaƙin jirage ne a bakin kogin Kwara. Tun bai kai ƙugun babansa ba ya iya cusa auduga a tsagar katako ya bi ta da kwalta. Boko ne ya raba shi da kogi. Daga Yawuri ya tafi Sakkwato, daga can Zariya, har a 1974 gwamnatin jiha ta turo shi Landan karatun injiniya. Ya kama ɗaki a Edmonton, a gidan wata tsohuwa Baturkiya mai yawan tambayar ko ya ci abinci.

Wata Asabar yana jiran bas a Stratford sai ya ga kwandasta ya hana wani baƙin mutum shiga. Mutumin gajere ne, ƙaƙƙarfa, yana rungume da gwangwanin kwalta mai wari da ɗaurin auduga. Da bas ta wuce ta bar shi, ya ajiye kayan ya ce a fili, "Kai, wannan ɗan taliki da baƙin hali yake."

Uwaisu ya yi dariya ya ce, "Ai da gaskiyarsa, malam. Wa zai zauna kusa da kwalta? Jirgi za ka liƙe?"

Mutumin ya juyo da sauri. "Wa ya gaya maka jirgi ne?"

"Audugar nan ce ta gaya mini."

Sunansa Dung Choji, mutumin Kuru ta wajen Jos, ya girmi Uwaisu da shekara goma sha biyu. Ya fara da gyaran inji a ma'aikatar kuza, ya yi sojan ruwa lokacin yaƙi, yanzu kuma makanike ne a wani garejin bas. Ranar nan ya ja Uwaisu har wata tsohuwar tashar jirage, inda wani ƙaramin kogi ke shiga Thames. A can, kan tudu, an tokare wani jirgin katako da gungume. Irin wanda iska ke turawa ne, mai doguwar sanda a tsakiya da ake ɗaga ƙyalle a kanta. Tsawonsa bai wuce taku goma sha biyu ba, fentinsa ya kwaile, ciyawa har ta tsiro a bayansa.

Uwaisu ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa katakai da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ya ce, "Bakwai sun ruɓe. Sauran sun fi ni lafiya."

Dung ya ce, "Ni inji na sani, da igiya, da taswira. Katako kuwa ni da shi sai gaisuwa. Ka zo ka taya ni, ɗan Yawuri."

"Ina za ka da shi?"

"Inda ba a sa kwat."

Shekara biyu suka yi suna wannan aiki, kowace Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Uwaisu ya cire ruɓaɓɓun katakai ya sassaƙa sababbi, ya turara su da tururin tafasasshen ruwa har suka lanƙwashe. Dung ya wargaza injin gaba ɗaya a kan tabarmar leda ya sake haɗa shi. Suka koyi ɗinkin ƙyalle da wata ƙatuwar allura mai huda tafin hannu. A cikin jirgin akwai gado biyu masu faɗin benci, da risho da aka rataye yadda tukunya ba za ta kife ba ko jirgi ya karkata. A nan Dung yake dafa musu gwaten da ya ce na Jos ne, ko da yake kabeji da dankali ne kawai. In lokacin salla ya yi, shi ke duba na'urar nuna arewa ya ce, "Gabas ɗinka na can, wajen tankin gas."

Uwaisu ne ya raɗa wa jirgin suna Shamuwa, don ita ce tsuntsuwar da ba ta zama inda bai yi mata ba. Shi kuma Dung tun daga lokacin ya zama Kyaftin.

Shirinsu shi ne da zarar Uwaisu ya gama jarrabawar ƙarshe, a watan Agusta na 1976, su gangara kudu. Su tsaya Madeira, su tsaya tsibiran Kanari, su tsaya Kap Verde, sannan su haye babban teku zuwa tsibiran Karibiyan, su yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har shekara ta zagayo. Dung ya tambaye shi sau uku ko da gaske yake, domin tafiya ce ta mutum biyu, ɗaya na barci ɗaya na tuƙi. Sau uku Uwaisu ya ce, "Na ba ka hannu, Kyaftin."

Saura wata guda Uwaisu ya ga tsaga a jikin ƙarfen da ke riƙe allon tuƙi, wato allon da ke nutse a bayan jirgi yana juya akalarsa. Ya yi masa walda ta wucin gadi, ya kai awo wata maƙera ya ce a zuba masa sabo na tagulla. Niyyarsa su sauya shi a tashar ƙarshe kafin su bar Ingila. Da Dung ya tambaya daga ɗakin inji, sai Uwaisu ya ce, "An gama da wannan," don a ganinsa kamar an gama ɗin ne.

Bazarar nan Landan ta yi zafin da Turawa suka yi ta kuka da shi. A cikinta ne Alhaji Maje, yayan Uwaisu, ya sauka. Lokaci ne da kuɗin mai suka cika Najeriya, mutanenmu na shiga kantunan Landan suna nuna kaya da baki a naɗe musu. Alhaji Maje, wanda da malamin kanti ne, yanzu yana shigo da janareto da motocin noma, har ya sayi flat a Marylebone. Ya kira ƙanensa, ya zaunar da shi a kujera mai laushi, ya saurari labarin jirgin har ƙarshe bai katse shi ba.

Sannan ya ce, "Nuna mini hannunka."

Uwaisu ya miƙa. Kwalta ta shiga ƙarƙashin farce, tafin duk kanta.

"Hannun Baba ke nan. Shekara arba'in yana wannan aiki don kada mu yi shi. Uwaisu, ruwa ake yi a gida, kowa ya fito da mazubinsa, kuma ba a san ranar ɗaukewarsa ba. Ina neman wanda ya san inji ya zauna mini a nan, ya duba kaya kafin a yi loading. Ga ɗaki, ga mota. Inna ta tsufa, ƙannenmu biyar suna makaranta. In na koma me zan ce mata? Ɗanki ya shiga kwalekwale da wani soja sun nufi inda ba su sani ba?"

"Yaya, na riga na yi masa alkawari."

"Ka ba shi haƙuri. Babba ne, zai gane."

Daga baya Uwaisu yakan ce ba zai ɗora wa yayansa laifi ba. Maganar Inna ta taɓa shi, amma kujerar ma ta taɓa shi. Ban da haka, ranar da suka fita gwaji bakin teku ya ga igiyar ruwan da ta fi soron gidansu tsayi, ya yi amai har ya ji ɗaci, kuma wani tsoro ya shige shi wanda bai gaya wa kowa ba.

Ya kasa tunkarar Dung. Ana jibi tafiya ya rubuta 'yar takarda, layi huɗu, ya ba tsohon Baturen da ke gadin ƙofar tashar. Ranar tafiya da hantsi ya je ya tsaya kan wata gada daga nesa, inda yake ganin Shamuwa ba a ganinsa. Ruwa ya cika, lokacin tashi ya yi, amma Dung bai kwance igiya ba. Yana zaune a baya yana kallon ƙofar tasha. Ya kusa awa ɗaya a haka, har ruwa ya fara janyewa. Sannan ya miƙe ya tayar da inji, ya kwance igiyar gaba, ya ruga ya kwance ta baya, aikin mutum biyu shi kaɗai. Uwaisu ya buɗe baki zai yi kira, wata babbar mota ta wuce ta bayansa da ƙara, sai ya fasa.

Bayan mako guda, yana haɗa kayansa zai koma Marylebone, ya jawo wani ƙunshi mai nauyi daga ƙarƙashin gado. Sabon mariƙin tagulla ne, da ya karɓo daga maƙera ya manta. Ya zauna a bakin gado yana juya shi a hannu. Ya ce a ransa da zarar ya san inda Dung yake zai aika masa.

Ba a daɗe ba ya sani. Tsohuwar Baturkiyar ta buga masa waya ta ce wasiƙa ta zo da tambarin wata ƙasa. Daga Madeira ce, kuma babu kalmar zargi ko ɗaya a ciki.

"Ɗan Yawuri," in ji Dung, "na iso. Kwana goma sha shida. Na koyi barcin minti ashirin kamar kaza. Katakanka ba su sha ruwa ko cokali ba, Allah ya yi wa babanka albarka. Garin nan duwatsu ne kamar namu, sai dai ayaba suke shukawa a kai. Gadonka na nan, na ɗora buhun albasa a kansa, amma in ka zo albasa za ta tashi. Zan kai ƙarshen Oktoba a Kanari. Ka rubuto gidan waya na babban gari, da sunana."

Uwaisu ya sayi kwali ya naɗe tagullar. Ya ɗauki takarda ya rubuta "Kyaftin," sai alƙalami ya tsaya. Aika ƙarfen yana bukatar bayani, bayani kuma yana bukatar ya faɗi dalilin da bai zo ba, da dalilin da ya ce an gama alhali ba a gama ba. Ya ce sai gobe. Gobe kuma aka kira shi Birmingham duba janareto arba'in.

Wasiƙu suka ci gaba da zuwa. Daga Kap Verde Dung ya ce ƙasa ce busasshiya kamar Gaidam, ya ji ƙarar turmi da safe ya zaci mafarki yake, ashe mata ne ke surfen masara. Ya ce ƙyalle ya yage ya kwana uku yana ɗinki, famfon kwashe ruwa ya mutu ya yanka tsohon takalminsa ya yi masa sabuwar fata. Daga Barbados ya rubuto shafi shida. Kwana ashirin da uku bai ga ƙasa ba. Akwai wasu kifaye masu fiffike da ke faɗowa cikin jirgi da kansu, ya tsince su da safe ya soya. Ruwan sha kofi huɗu a rana, wanka da guga daga teku, gishiri ya fito masa da ƙuraje a gwiwar hannu. Ya ce ya kama kansa yana gardama da tukunya. "Mutanen nan kamar 'yan uwanmu," ya rubuta. "Wata tsohuwa ta ba ni tuwon masara da aka tuƙa da kuɓewa a ciki. Na ci na yi hawaye, ta zaci yaji ne."

Da Uwaisu ya karanta wannan sai ya ji sauƙi. Waldar da ta haye babban teku ai ta riga ta zauna. Ya tura kwalin bayan kabad.

Shi kuwa nasa aikin yana tafiya. Kullum yana sa hannu a takardun jiragen da ba zai taɓa hawa ba. Ya yi ƙiba, ya yi kwat uku, hannunsa ya yi laushi. Yana karɓar baƙin Yaya daga filin jirgi, ya kai matansu kanti, ya yi musu booking wajen likita. Yakan ɗauki wasiƙun a aljihu ya karanta a cikin tube, jirgin ƙasan da ke bin ƙarƙashin gari: Sent Lushiya mai duwatsu biyu masu tsini, wani ƙaramin tsibiri da ake sassaƙa jirage a bakin yashi da gizago irin na Yawuri, wani kuma da Dung ya yi musayar gyaran inji da kwandon mangwaro da zakara mai rai. Kowace wasiƙa tana ƙarewa da sunan gidan wayar da zai tsaya gaba. Ta tara ta zo a watan Yuni na 1977. Ta goma ba ta zo ba.

Sai a watan Maris na 1978 wayar ofis ta yi ƙara, ya ɗauka ya ji an ce, "Ɗan Yawuri, an ce ka zama babban mutum."

Suka haɗu da la'asar a wani shagon shayi a Stratford. Dung ya rame, ya yi baƙi ƙirin, gemunsa ya yi furfura. Da ya miƙo hannun hagu zai ɗauki kofi, Uwaisu ya ga yatsu biyu babu.

"Ina Shamuwa?"

"Tana ƙarƙashin ruwa, tsakanin wasu ƙananan tsibirai arewa da Grenada." Dung ya kurɓi shayi. "Da rana tsaka ne, ina ganin mutane a bakin gaɓa. Hadari ya taso da iska, ina ratsa wata matsattsiyar hanya, duwatsu dama da hagu. Sai na ji ƙas! a baya, sandar tuƙi ta saki a hannuna kamar muciya. Allon ya tafi. Na ruga gaba zan sauke ƙyalle, na ga gara in saki anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, na koma kansa, sarƙa ta kama yatsuna. Kafin in ɗago mun hau dutse. Masunta ne suka ɗauke ni. Na yi wata takwas a wajensu ina gyara musu inji, sannan na samu jirgin ayaba na biyo."

Uwaisu ya kasa taɓa shayinsa. Ya gaya masa komai, tun daga tsagar da walda, har maƙera, har kwalin da ke bayan kabad a Marylebone. Ya gaya masa har tsayuwarsa a kan gada. Yana magana yana kallon teburi.

Mai shagon ta zo ta share teburin kusa da su ta tafi.

Dung ya ce, "Waldar nan tun a Madeira na gan ta. Na nutsa ina kankare gansakuka na gan ta. Ni ma makanike ne, na san abin wucin gadi in na gan shi. Na ce zan sauya a Kanari, na ce a Barbados, kullum iska na da kyau sai in ce tsibiri na gaba. Wannan kada ka ɗauka kai kaɗai, rabi nawa ne."

"Kyaftin, da na aiko..."

"Bari in gama. Da mu biyu ne ranar nan, ɗaya ya sauke ƙyalle ɗaya ya saki anka, da yanzu tana nan. Shi ma na bar wa Allah, mutum yana da damar ya fasa tafiya. Abin da ya ci ni daban ne. Kowane tsibiri na sauka, kafin in nemi ruwan sha, gidan waya nake fara zuwa. In tsaya a layi da ƙafa ba takalmi, in faɗi sunana, a duba a ce babu. A Barbados matar da ke aiki a gidan wayar har ta san ni, tana hango ni sai ta girgiza kai tun ban ƙaraso ba. Da zagina ka rubuto ma, da na ji daɗi. Watanni ban ji Hausa ba sai tawa."

Uwaisu ya ce, "Kunya ce ta hana ni."

"Na sani. Kunyar taka ni na biya ta."

Hawaye suka zubo wa Uwaisu a kan taye ɗin wuyansa. Ya ce, "Ka yafe mini, don Allah."

"Na yafe, tun a jirgin ayaba. In ban yafe ba me zai sa in neme ka?" Ya tura masa farantin biskit. "Ci. Ka yi ƙiba amma fuskarka ta mai yunwa ce."

Da suka fito ana yayyafi. Dung ya ce ba zama ya zo yi ba, takardunsa ya zo gyarawa ya sayi kayan aiki. Masuntan nan sun fara sassaƙa masa wani jirgi a bakin yashi, ƙarami, kuma har yanzu shi da katako sai gaisuwa. Ya dubi Uwaisu ya ce, "In kana so, wuri na nan."

Uwaisu ya ji "zan yi tunani" ta taho bakinsa, ya haɗiye ta. An riga an sa ranar aurensa da Hadizatu, 'yar aminin Yaya, bayan babbar salla. Kuma ya san ko ba a sa ba, ba zai je ba.

Ya ce, "Ba zan zo ba, Kyaftin."

Dung ya yi murmushi. "To ka gani? Abin da wuya ne?"

Ya rungume shi da hannun nan mai yatsu uku, ya bubbuga bayansa, ya tsallaka titi ya hau bas. Ba su sake haɗuwa ba.

Uwaisu ya ƙara shekara huɗu a ofishin Marylebone kafin kasuwar mai ta faɗi. Janareto suka daina tafiya, aka sayar da flat ɗin, ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna ya kama aikin koyarwa a wata kwalejin fasaha. Ya rayu cikin rufin asiri, ya aurar da 'ya'ya. Labarin Dung na ƙarshe da ya samu daga bakin wani tsohon sojan ruwa ne da suka haɗu a wajen wani biki. Ya ce Dung ya auri wata mai sayar da kifi a can, yana jigilar kaya tsakanin tsibirai, 'ya'yansa mata biyu suna gaida mutane da "sannu" ba su san daga ina kalmar ta fito ba. Mutumin bai da adireshi, kuma bai tabbata ko Dung na da rai ba.

In abokan aiki suka zauna hirar shekarun mai, sukan ce wa Uwaisu, "Kai ai ka more, kana Landan lokacin da ake shan romo." Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, an more," ya tashi ya ce yana da aji.